Zanar da Na Kafa Tsakanina da Inna

Ni ne ɗan farin Inna, kuma daga nan gajiyata ta samo asali. Na shekara arba'in da takwas tana raye, ban taɓa jin sunana ya fito daga bakinta ba. Idan dole ta kama ta yi zancena sai ta ce "wancan," ko "mutumin Anka," da na sayi babur kuma na koma "mai babur." Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta bari a ga ta damu da shi. To amma kowace uwa da iyakar tata. Wasu idan yaro ya girma ya yi iyali sai su sassauta. Inna kuwa daga ruga aka auro ta, Bafulatana ce ta uwa da uba, tata kunyar kullum ƙara tamkewa take yi.

Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, uwar babana, a ɗaya gefen gidan. Tungarmu tana cikin ƙasar Bukkuyum. Gidan babba ne na ƙasa, sassa-sassa, ko'ina danga da lungu, mutum zai iya wuni bai haɗa hanya da wanda ba ya so ya haɗu da shi ba. A nan na girma ina hango bayan Inna. Na san tafiyarta, na san yadda take ɗora ƙwarya a ka ba tare da ta riƙe ba, amma da za a ce in kwatanta idanunta sai na tsaya tunani.

Kaka ta rasu, Baba ya bi ta, ni kuma na zama malamin firamare a Anka. Duk bayan mako biyu, ranar Asabar, nakan hau babur in je gaishe ta. Hanyar nan ta ci mini baya. Da rani yashi ya riƙe taya, da damina sai ka sauka ka tura a cikin rafi, wandonka a naɗe har gwiwa. In na isa, ƙarar babur ta riga ni shiga gida, Inna ta riga ta shige ɗaki. Sai in cire takalmi in tsuguna a bakin ƙofa in gai da labule. Daga ciki sai in ji "Lahiya." Shi ke nan. Tafiyar awa biyu da rabi, kalma ɗaya. Wani lokaci a hanyar komawa nakan yi ta mita ni kaɗai kamar wanda ya zautu, in ce wallahi mako mai zuwa ba zan zo ba. Ranar na zagayowa kuma sai in ga kaina ina duba mai a tanki.

Sai dai ba zan yi mata ƙarya ba, tana yi mini magana, da ƙwarya take yi. Nakan koma ƙarƙashin durumin tsakar gida in zauna, sai a kawo mini fura. Idan tana jin daɗina, furar takan zo a dame lilis, kindirmo mai kauri, an rufe da sabon faifai. Idan na yi wani abin da bai yi mata ba, sai curin fura ya zo a zaune cikin nono ko taɓa shi ba a yi ba, ludayi a kife a kai. Wato dama da kanka. Lokacin da na yi wa matata faɗa har ta tafi gidansu, sau uku a jere ina dama fura da hannuna, sai da na je biko sannan aka ci gaba da dama mini. Idan na yi tari a bakin ƙofarta, in na zo tafiya sai in tarar da ƙullin sassaƙe a ɗaure a hannun babur, kuma duk gidan babu wanda ya ga wanda ya ɗaura.

Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗauke yara a ƙauyukan da ke kewaye da mu, irin su Tungar Guru, na zo da zafina na tsaya a tsakar gida na yi ta faɗa a daina dakan dutsen zinariya a turmin hatsi. 'Yan uwan babana suka ce boko ya hau mini kai. Da na dawo bayan mako biyu sai na hango turmin Inna a cikin ɗakinta, ta kifa masa faranti, babu mai aronsa kuma. Furar ranar har da zuma a ciki. Haka muke, kuma da haka muka kai inda muka kai.

Bayan 'yan shekaru zaman ƙauye ya fara gagara. Mutanen daji suka shiga tungar da ke gabanmu da rana tsaka suka kore shanu, aka fara kwashe mata da tsofaffi zuwa garuruwa. Na je na tsuguna a bakin labule na ce, "Inna, na zo ne a kan ki koma Anka." Shiru. Na sake faɗa. Shiru. Na tashi na tafi raina a jagule. Da na dawo Asabar ta gaba sai na tarar ta kife randarta, ta naɗe tabarmi ta ɗaure, turmi yana bakin ƙofa da taɓarya a ciki. Ban sake tambaya ba, na je na nemo motar a-kori-kura.

A nan ne na tafka kuskuren da har yau yake cina.

Gidana na Anka ƙarami ne, na bulo, na gina shi a hankali cikin shekaru. Ɗakina da na matata a gefe ɗaya, wani ɗaki guda a ɗaya gefen yana kallon ƙofata kai tsaye, tsakaninsu fili na siminti wanda bai fi taku goma ba. Madafa a kusurwa, bayi a bayan ɗakina. Babu danga, babu lungu, kana tsaye a ko'ina kana ganin ko'ina. Wannan ɗakin da ke kallon nawa shi na gyara wa Inna. Na yi masa fenti shuɗi, na sa katifa da fanka, na rataya sabon labule. Ina ta jin daɗi a raina, ina cewa yau dai zan riƙa buɗe ido da safe in ga uwata. Ni da na yi shekara ashirin ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, ban karanci abin da ke gaban hancina ba.

Watannin farko ba laifi. Makaranta na ci, ina fita da sassafe in dawo bayan azahar. Na lura dai Inna ba ta fitowa tsakar gida in ina nan, na ce baƙunta ce, za ta saba. Ina sayo mata balangu da lemo in tsuguna in miƙa da hannuna ta gefen labule. Sai in ji an ja ledar a hankali. Washegari in ga yarana suna cin naman. Fura kuwa ta daina zuwa gaba ɗaya. Turmi yana jingine a bango, ƙura ta hau shi. Na ce ai ta huta ne, ta sha wahala a duniya.

Sai aka yi dogon hutu na damina, na zauna gida. Na ma yi niyya ne, na ce wannan hutun na Inna ne, ba zan je ko'ina ba. Na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofata, rediyo a gefe, daga safe har magariba ina zaune ina fuskantar labulenta, ko za ta buƙaci wani abu.

Cikin mako biyu Inna ta fara zubewa. Kwanon tuwo ya shiga ya fito kamar yadda ya shiga, sai ɗan gefe da aka gutsura. Kunu ya huce a kofi. Ran da iska ta ɗaga labulen na hango hannunta a kan katifa, fata ce kawai a kan ƙashi. Na ɗauke ta a motar haya zuwa asibiti, matata na riƙe da ita. Ma'aikaciyar jinyar, wata mace mai haƙuri, ta tambaye ta ina ke mata ciwo. Inna ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Matar ta dube ni ta ce, "Malam, ko za ka ɗan ba mu wuri?" Na ce ina, ni ne ɗanta, ni zan yi bayani. Na tsaya ƙyam na amsa duk tambayoyin da aka yi mata, har da waɗanda ban san amsarsu ba. Aka auna jini, aka auna komai, aka ce ba a ga wata cuta ba, sai dai jikinta babu ruwa kuma babu abinci. Aka ba mu maganin ƙarin jini muka dawo.

Da muka dawo sai na ƙara matsa tabarmata kusa da ƙofarta, wai don in kula da ita sosai.

A kwanakin nan matata ta ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a da ta riƙa ƙona mini rai. Kullum da safe sai in tarar da makullin babur a kan hulata. In na ajiye shi gefe, sai ta ce, "Malam, yau ba ka leƙa majalisa?" In na ce a'a, sai ta ce daddawa ta ƙare, kuma ba ta kusa take so ba, ta wata tsohuwa can bayan tasha. Na je sau biyu, a na uku na fashe. Na ce uwata na kwance ba ta ci ba ta sha, ke kuma kin dame ni da daddawa, in korata kike yi daga gidana ki faɗa mini. Ta dube ni, ta dubi labulen Inna, ta sake dubana, ta buɗe baki ta rufe. Sai ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar inda ta riga ta share. Yanzu na san abin da ya riƙe mata harshe. Yaya za ta dubi mijinta ta yi masa zancen fitsarin uwarsa?

Ranar da kwano ya fito ko gutsurar ma babu, haƙurina ya ƙare. Na je bakin labulen, ban ko tsuguna ba, a tsaye na yi magana, da ƙarfi kuma. Na ce, "Inna, mi na yi miki? Na ɗauko ki daga bakin bindiga, na ba ki ɗakin da ya fi nawa. In abincin gidana ne ba ki so, ki faɗa. In mutuwa kike so ki yi a hannuna mutane su zage ni, shi ma ki faɗa. Sau ɗaya dai a duniya ki buɗe baki ki yi mini magana." Na ji motsin katifa, alamar ta juya ta fuskanci bango. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na koma tabarmata cike da kunya da haushi.

Matata ce ta kira ƙanwata a waya ba da sanina ba. Ita ce autar Inna, tana aure a Gummi wajen wani manomin shinkafa a fadama. Ita kam Inna tana kiran sunanta, tana zaginta, suna cin abinci a kwano ɗaya. Bakinta kuma ba ya da linzami tun tana ƙarama. Ta iso washegari da hantsi da ƙullin shinkafa da busasshen kifi, ta shiga wajen Inna ta jima. Da ta fito ko zama ba ta yi ba. Ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu, ta dubi ƙofar Inna, ta dubi tawa, ta dubi tabarmata.

Ta ce, "Yaya, wa yab ba ka shawarar ɗakinga?"

Na ce, "Ni na ba kaina. Shi ne mafi kyau a gidan."

"Awo, ya yi kyau. Taso ka tsaya nan bakin ƙofarta." Na taso don in ga gudun ruwanta. Ta ce, "Mi kaka gani?"

"Ƙofata."

"In za ta bayi, ta ina za ta bi?"

Na dubi tabarmata.

Ta rage murya ta ce, "Ta kan tabarmarka za ta bi, da buta a hannu, kana zaune kana kallonta. Inna. Ta gaban ɗanta na fari. To ta daina shan ruwa sai kurɓi guda, don kar ta matsu. Ta daina ci don kar cikinta ya motsa. Da kana zuwa makaranta, babur na tashi take fitowa ta ci ta sha ta yi wanka. Yanzu ka zo ka dasa kanka kamar turke. Yaya, da karatunka da komi, yunwa kaka kashe ta da ita."

Na juya na dubi matata. Tana bakin madafa ta sunkuyar da kai. Makullin babur yana nan a kan hulata inda ta ajiye shi da safe.

Na ɗauke shi na fita. Ban tafi ko'ina ba, harabar makarantarmu na je, babu kowa saboda hutu, na zauna a gindin bishiyar dogon yaro har la'asar. Zan so in ce tausayinta ne ya fara kama ni, amma ba haka ba ne, haushi ne. Na ce wannan wace irin rayuwa ce, a ce sai ɗa ya ɓace sannan uwarsa za ta iya shan ruwa? Na gaji. Na gaji da gai da labule, na gaji da karatun ƙwarya, na gaji da zama baƙo a wajen matar da ta haife ni. Abokaina iyayensu mata suna kiransu a waya su yi ta hira har kati ya ƙare. Ni kuwa kasancewata a wuri ita ce cutar tawa uwar. Sai da haushin ya gama cina sannan na tuna da hannun nan da na hango a kan katifa, na tashi.

Ranar kasuwa na sayo zana huɗu ta gamba, irin wadda ake kewaye gida da ita a ƙauye. Na ɗaure su a gicciye a bayan babur, mutane na kaucewa suna bina da kallo. Filin siminti ne, ba wurin haƙa rami, sai na ɗauko bokitan fentin da na shafe ɗakinta da shi, na cika su da yashi na kafa sanduna a ciki. Na ja zanar daga bangon madafa, ta raba tsakar gidan biyu, ta lanƙwasa ta bayan ɗakina har bakin bayi. Inna ta samu nata fili da tata hanya, ba ta ganina ba na ganinta. Ina ɗaurawa ina tsaki. Maƙwabcina tela ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, wasu na kai birni ƙauye, kai ka kawo ƙauye birni. Saura rumbu." Na juya masa baya na ci gaba da ɗaurina.

Ranar farko ban ji komai ba. Rana ta biyu na ji ƙarar buta da takun ƙafa a hankali ta bayan zana, ina zaune a tabarmata. Na ƙara muryar rediyo don ta san ban ji ba. Rana ta huɗu na ji ana kankare turmi. Ba ta da ƙarfin daka, matata ce ta daka, amma na ji muryar Inna tana cewa a ƙara citta.

Da azahar sai ga ƙwarya an turo ta ƙarshen zanar, an rufe da faifai. Na buɗe. Curin fura ne zaune cikin nono, ko taɓa shi ba a yi ba, ludayi a kife a kai. Na san ta mece ce, ta tsayuwar da na yi ce a bakin ƙofarta ina ɗaga murya. Na zauna na dama abata da hannuna, ina damawa idona na cikowa. Sai da na dama kwana bakwai sannan ta fara zuwa a dame.

Inna ta murmure. Ta yi shekara biyu da watanni a bayan zanar nan. A lokacin ne na fara jin muryarta da gaske. Ashe tana da ban dariya. Nakan ji ta tana tsokanar 'yata ƙarama tana ce mata kishiyar tsohuwa mai ƙwacen goro, tana ba matata labarin ruga, yadda suke bin shanu zuwa bakin gulbi da rani, yadda wata saniya ta taɓa cinye mata zane. Wani lokaci ta manta ta saki Fulatanci, matata ta yi ta "na'am" ba ta gane ko kalma ba. Ran da na fara jin dariyarta a kusa, na ajiye lomar da ke hannuna, don ban san sautin ba.

Amma kada in yi wa kaina ado, ban ji daɗin zanar nan ba ko na rana ɗaya. Inuwarta tana faɗowa daidai bakin ƙofata da rana, don haka a nan nake cin abinci, ina fuskantarta. Kullum in na zauna sai in ɗaure fuska in zuba mata ido. Ga uwata taku biyar daga inda nake, ina jin tarinta, ina jin ƙarar carbinta, amma ciyawa ta tsaya a tsakaninmu, kuma ni na sayo ciyawar na kafa. Sau da yawa nakan yi tsaki in ture kwano. In na dawo daga makaranta da ɓacin rai, a nan nake zama in dafe kai. Abin da na lura shi ne, duk ranar da na dawo a haka, tuwon dare yakan zo da man shanu fiye da kullum. Na ɗauka matata ce ke kai mata rahoto, har na taɓa cewa ta rage surutu.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ta, na kwana biyar, a cikin bazara. A rana ta huɗu na ce kunya ko ba kunya sai na shiga. Na zagaya na tsuguna a gefen katifar, matata na zaune tana mata fifita. Da Inna ta ji ni ne, sai ta ɗaga hannun nan da ba shi da sauran ƙarfi ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Can sai ta juya kai wajen matata ta ce, "Ki ce mishi bai yi min komi ba." Ina tsugune a gabanta, hannuna zai iya taɓa nata, amma sai da aka bi ta kan wani. Washegari da hantsi ta cika. Na yi kukan rashinta, na kuma yi kukan wannan mayafin, kuma in faɗi gaskiya na biyun ya fi ɗaci. Na ce har ta tafi ba ta taɓa dubana ba.

Bayan an yi arba'in, damina ta sauka, zanar ta fara baƙi tana zubar da ƙasa-ƙasa. Matata ta ce ya kamata a cire kafin ta tara kunamu. Na ce to. Na ɗauki wuƙa na zagaya ta ɓangaren Inna don in yanke igiyoyin daga can. Ban taɓa tsayawa a filin nan da rana ba. Kujerarta 'yar tsugunno tana nan jingine da zanar, ba a bakin ɗaki ba inda iska take, a wani wuri da rana ke duka. Na yi mamakin abin da zai sa tsohuwa ta zaɓi nan. Na sunkuya zan ɗauke kujerar sai na ga wata 'yar kafa a jikin zanar, ba ta fi a zura yatsa biyu ba. Ba ɓera ne ya yi ta ba. An raba ciyawar ne a hankali, an ɗaure kowane gefe da baƙin zaren kitso don kada ta koma ta rufe. Gefen ya yi santsi saboda taɓawa.

Na zauna a kujerar. Ta yi mini ƙasa, sai da na ranƙwafa sannan idona ya kai. Ga tabarmata. Ga butata, ga rediyo, ga daidai inda nake ajiye kwano. Babu abin da ake gani ta kafar nan sai wurin zamana.

Matata ta zo ta tsaya a bayana. Ban juyo ba na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Tun makon farko. Ran da na gan ta, kallo ɗaya ta yi mini, na san ba maganar da za ta fita ba ce. Kullum in ka zauna cin abinci sai ta jawo kujera. In ina magana ta ɗaga mini hannu."

"Man shanun fa? Ba ke kike gaya mata ba?"

"Ban taɓa gaya mata komai ba, Malam. A fuskarka take gani."

Na daɗe a ranƙwafe a wurin har bayana ya ƙage. Shekara biyu uwata tana kallona kullum, ido cikin natsuwa, yadda ba ta samu yi ba tun ina jariri. Ni kuma abin da na ba ta ta kalla shi ne ɗaurarriyar fuska da tsaki da ture kwano. Duk tsawon lokacin ina cewa ba ta yi mini magana, ashe ni nake yi mata, kuma abin da nake faɗa mata ke nan. Da na sani ko sau ɗaya da na dubi ciyawar nan na yi murmushi, ko na ƙarya ne.

Na mayar da wuƙar cikin kube. Matata ta ce, "A cire?" Na ce a bari sai bayan damina. Uku daga cikin zana huɗun nan sun ruɓe da kansu mun zubar. Ta huɗun, mai kafar, na ɗaure ta da waya a jikin sandunan, tana nan, kuma har yanzu a gabanta nake cin abinci.